Wa Ke Cikin "Mu"? Dimokuraɗiyya Da Jam'iyyun Da Ke Da'awar Talaka

Ina da wani kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon tela a unguwar Fagge, wanda yanzu ya ba shekara tamanin baya. A gadon bayansa akwai wani dogon tabo da ya samu tun yana saurayi, ranar da 'yan doka suka tarwatsa wata laccar NEPU da ba a ba da izinin yin ta ba. Muna yara yakan ɗage riga ya nuna mana tabon nan cikin alfahari, kamar yadda tsohon soja ke nuna lambar yabo. Tun daga 1979 babu zaɓen da ya wuce shi, ko da na kansila ne. Amma ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023, da na biya in ɗauke shi a mota, sai na iske shi zaune a ƙofar gida, katin zaɓe na cikin aljihu, ya ce ba inda za shi. Na ce, "Haba Kawu, kai da ka sha bulala a kan ƙuri'a?" Ya ce, "Ɗan nan, je ka abinka. Ni ban ƙi zaɓe ba, na dai gaji da a riƙa ci da gumina."

Bayan wata biyar, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, daga bakinsa na fara jin an ce, "Allah Ya kawo mana irinsu." Na tambaye shi ko ya yi hannun riga da dimokuraɗiyya ke nan. Sai da ransa ya ɓaci. Ya ce ai ita yake nema, kuma duk wanda zai zo ya kori ɓarayi ya ba talaka haƙƙinsa, shi ne ɗan dimokuraɗiyya, ko da kaki ya sa ko da babbar riga.

Na daɗe ina juya wannan magana, domin kawun nawa ba shi kaɗai ba ne. Cibiyar Afrobarometer, wadda ke bin ƙasashen Afirka tana jin ra'ayin jama'a, ta fitar da rahoto a 2024 kan ƙasashe 39. Kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce sun fi son dimokuraɗiyya a kan kowane irin tsarin mulki. A cikin rahoton dai, kashi 53 cikin 100 sun ce za su amince soja ya karɓi mulki idan zaɓaɓɓun shugabanni suka yi amfani da muƙamansu don biyan buƙatar kansu. Ko ɗan firamare ya haɗa lissafin nan zai ga cewa akwai mutane da yawa da suka ba da amsoshin biyu da baki ɗaya. Ni ba masanin kimiyyar siyasa ba ne, abin da na karanta kuma nake koyarwa shi ne kimiyyar harshe. To amma idan mutum ya faɗi maganganu biyu da suke kamar suna karo da juna, kuma shi bai ga karon ba, wannan aikinmu ne, domin alama ce cewa kalmar da ke bakinsa ba ta ɗauke da ma'anar da mai tambaya ya zata.

Akwai wani nau'in jam'iyyu da masana siyasa na Turai suka ciro wa suna daga kalmar Latin da ke nufin jama'a. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Cas Mudde, ya bayyana su a 2004 da cewa jam'iyyu ne da ke kasa al'umma gida biyu: jama'a tsarkaka a gefe guda, manya lalatattu a ɗaya gefen, sannan su ce siyasa ba ta da wani aiki face aiwatar da abin da jama'ar nan ke so. Har yau Hausa ba ta tsayar da kalma ɗaya ga wannan ba. Na ji ana cewa "siyasar neman farin jini", amma wannan ya yi faɗi, domin babu ɗan siyasar da ke neman baƙin jini. Ni dai a nan zan kira ta siyasar mu-da-su, mai karatu zai ga dalili nan gaba.

Abin da aka fi faɗa game da waɗannan jam'iyyu shi ne wai sai mutane sun gaji da dimokuraɗiyya sannan suke bin su. Ban yarda ba. A duba Benezuwela. Tun 1958 jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓa da mulki a ƙasar, arzikin mai yana kwarara, unguwannin marasa galihu na Karakas suna ƙara cunkushewa. A watan Disamba na 1998 Hugo Chabez ya ci zaɓe da kashi 56 cikin 100. Waɗanda suka zaɓe shi ba su ce sun ƙi dimokuraɗiyya ba, cewa suka yi yanzu ne ma za a fara ta. Hasali ma, a tsakiyar shekarun 2000 binciken ra'ayi na Latinobarometro ya riƙa nuna mutanen Benezuwela cikin waɗanda suka fi gamsuwa da dimokuraɗiyyarsu a duk yankin. A daidai waɗannan shekaru ne kuma aka ƙara yawan alƙalan kotun ƙoli daga 20 zuwa 32 a 2004 don a cika ta da 'yan gida, aka ƙi sabunta lasisin wani babban gidan talabijin mai sukar gwamnati a 2007, aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2009. Mutumin unguwa da ya samu asibiti a karon farko a rayuwarsa bai ga an rage masa komai ba. Shi a wurinsa dimokuraɗiyya ƙaruwa take yi.

A nan ne maganar harshe ta shigo. Kalmar "dimokuraɗiyya" baƙuwa ce, mun aro ta ne, kuma kalmar aro tamkar ƙwarya ce, abin da masu harshen suka zuba a ciki shi za ta ɗauka. A littafi, abu biyu ke cikinta. Na farko, masu rinjaye su zaɓi wanda zai mulke su. Na biyu, wanda aka zaɓa ɗin a ɗaure masa hannu: kotu ta iya ce masa a'a, jarida ta iya tona shi, wanda ya faɗi zaɓe ya kwana a gidansa lafiya, ya kuma sake tsayawa bayan shekara huɗu. Na farkon muna da kalmomi masu daɗi da muke kiransa da su, irin su 'yanci da adalci da haƙƙi da rinjaye, kowace ka faɗa a taro sai an yi tafi. Na biyun fa? A duba kalmar da muka ɗauka muka laƙaba wa wanda ya faɗi zaɓe: ɗan adawa. Asalin "adawa" daga Larabci ne, kuma ma'anarta ƙiyayya, gaba. Wato duk lokacin da mai karanta labarai ya ce "jam'iyyun adawa", abin da kunnen Bahaushe ke ji a ƙarƙashi shi ne ƙungiyoyin maƙiya. Yaya za ka lallashi mutum ya yarda cewa lafiyar ƙasa na buƙatar a kare haƙƙin maƙiyinsa?

Wasu kafofin labarai sun fi son "hamayya", ni ma na fi son ta, ko ba komai ana cewa "abokin hamayya". Na taɓa faɗin haka a aji ina jin daɗin kaina, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai abokin gaba ma aboki ake ce masa." Ta yi gaskiya, kuma na bar zancen a nan.

Kada a ɗauka wannan ciwon Hausa ne kaɗai. Lokacin da Biktor Orban ya faɗi zaɓe a Hangari a 2002, ya gaya wa magoya bayansa cewa ƙasar haihuwa ba ta yiwuwa ta zama 'yar adawa. Ma'anar maganar a fili take: mu ne ƙasar, saboda haka ko mun faɗi ba mu faɗi ba. Da ya dawo a 2010 da kimanin kashi 53 cikin 100 na ƙuri'u, wanda tsarin zaɓensu ya mayar masa kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa, sai ya rubuta sabon tsarin mulki, ya rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62 don a share wuri. Duk da sunan jama'a aka yi.

Yanzu bari in zo kan 'yar ƙaramar kalmar da ta sa na ce siyasar mu-da-su. Duk wanda ya san Fulfulde ya san cewa Bafulatani yana da "mu" iri biyu. Idan ya ce "enen", yana nufin ni da kai da nake wa magana, duk muna ciki. Idan ya ce "minen", yana nufin ni da mutanena, ban da kai. Bahaushe ba shi da wannan bambanci, haka ma Bature. "Mu" ɗinmu guda ɗaya ce, mai sauraro ne zai yi hasashen ko yana ciki ko yana waje. Ɗan siyasa ba shi da jarin da ya fi wannan. A kan dandamali zai ce "lokacinmu ya yi", "an cuce mu", "za mu karɓi abinmu", kowa a filin yana jin "enen". Bayan rantsuwa, kalmar ba ta canza ba, amma ta koma "minen", kuma ba wanda zai kama shi da ƙarya, domin harshen ya rufa masa asiri. A lura kuma da "an" ɗin da ke cikin "an cuce mu". Wa ya yi cutar? Ba a faɗa ba. Kowa sai ya cike gurbin da wanda yake jin haushi, wani ya sa sarki, wani ya sa ɗan boko, wani ya sa ɗan wata ƙabila.

Jamusawa sun ga wannan da idonsu. A 1989 mutanen Leipzig sun riƙa fita kan titi kowace Litinin suna cewa "mu ne jama'a", suna nufin 'yan sandan da ke gabansu da shugabannin kwaminis su tuna wa ke da ƙasar. Daga ƙarshen 2014 sai ga masu zanga-zangar ƙin baƙi da Musulmi a Dresden sun ɗauko jimlar nan, ba su sauya ko harafi ba. Ta farko ta taimaka wajen rushe katanga, ta biyu katanga take neman ginawa.

To mu a nan Arewa ba sai mun je Turai neman misali ba, domin muna da jam'iyyar mu-da-su tun kafin a haifi Orban. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma sanarwar Sawaba da ta fitar ta kasa al'ummar Arewa gida biyu ƙarara: masu riƙe da mulkin En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen. Idan aka bi ma'aunin Mudde, babu abin da ya rage mata. Amma duk wanda ya ce NEPU ta raunana dimokuraɗiyya a Arewa bai san tarihi ba. Abin tambaya shi ne, me ya bambanta ta?

Sai mun fara da kalmar "talaka" kanta. Yau mun mayar da ita daidai da matalauci, amma a da ba haka take ba. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Attajiri mai raƙuma ɗari talakan sarki ne, kuma ɗan sarkin da ba shi da ko anini ba talaka ba ne. Saboda haka lokacin da Malam Aminu Kano da abokansa suka ce "talakawa", matsayin mutum a gaban hukuma suke nufi, ba abin da ke aljihunsa ba. Shi ya sa buƙatunsu suka kasance na ƙa'ida. A zaɓen 1951 ana yin zaɓe ne hawa-hawa, kuma En'e na da ikon cusa mutanenta a tsakiyar hawan, ta yadda NEPU ta yi nasara a matakin farko a Kano amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisar Kaduna ba. Sai ta nemi a yi zaɓe kai tsaye, ƙuri'a a asirce. A lokacin, ɗan doka da alƙali da gidan yari duk suna hannun sarki, shi ne kuma mai ba da izinin lacca, ga shi yawancin manyan En'e 'yan NPC ne. Sai ta nemi a raba shari'a da mulki. Matan Arewa ba su da ƙuri'a, sai ta nemi a ba su, Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku tana fita a kan haka, ba a kuwa ba su ba sai 1976. A zaɓen tarayya na 1959 NEPU ta samu ƙuri'u sama da rabin miliyan, kujerunta takwas kacal, NPC na da 134, amma ba ta ce a rushe majalisa ba, shiga ta yi ta zauna.

A dubi waɗannan buƙatu da kyau. Babu ɗaya daga cikinsu da in an biya ta ɗan NEPU kaɗai zai amfana. Ƙuri'ar asiri tana kare ɗan NPC daga maƙwabcinsa ɗan NEPU kamar yadda take kare ɗan NEPU daga dagaci. Alƙalin da ba ya tsoron sarki ba zai ji tsoron gwamna ba. Wato jam'iyyar tana magana da harshen mu-da-su, amma abin da take nema "enen" ne. Ban ce 'yan NEPU mala'iku ba ne, bakinsu na da kaifi, waƙoƙinsu na zambo sun ci mutuncin mutane da dama, kuma faɗa da 'yan Mahaukata ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Sai dai wanda yake ƙasa, bulala na sauka a bayansa, ba ya buƙatar a koya masa amfanin ɗaure hannun mai mulki. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da bulalar ta dawo hannunsa.

Ranar ta zo a 1979, da PRP ta ci Kano da Kaduna. Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali tun daga hawansu, kuma wanda bai ga yadda ake kama magidanci a ɗaure shi a rana saboda kuɗin haraji ba, ba zai gane abin da wannan ya zama ga mutanen karkara ba. Kawuna har yau idan ya zo nan a labari sai muryarsa ta canza. Amma ba a yi shekara biyu ba jam'iyyar ta dare, saboda saɓani kan zaman gwamnonin biyu da takwarorinsu na UPN da GNPP. Aka samu 'yan santsi da 'yan taɓo. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kowane ɓangare ya juya harshen da aka ƙera don sarakuna ya ɗora a kan ɗan'uwansa. Jiya "su" na nufin masu rawani, yau "su" na nufin mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya a kurkuku. Jam'iyyar da ta ce ita ce talakawa ba ta da wurin ajiye saɓani, domin idan mu ne jama'a, wanda ya saɓa mana dole ya zama ya ci amanar jama'a. Mu-da-su wuƙa ce da ba ta san kube ba, in ta rasa na waje sai ta shiga gida.

A cikin wannan zafi ne majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a ciki, ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. A watan Yuli kuma, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Ina so mai karatu ya tsaya a kan tsige Balarabe, domin akwai darasin da talaka ya ɗauka a wurin wanda mu 'yan boko ba mu cika son ambata ba. Ya ga an bi doka sashe-sashe an cire mutumin da ya zaɓa, wanda ya yafe masa haraji. Daga ranar, idan ka ce masa majalisa da kotu kariyarsa ce, sai ya dube ka kawai. Rashin yardar talaka da wannan rabi na biyu na dimokuraɗiyya ba jahilci ba ne. Abin da ya gani ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu na 1983, soja suka dawo a ƙarshen shekarar. Da aka sake buɗe fage a 1999, harshen talakawa yana nan, amma ya rasa gida. Daga 2003 ya samu masauki a jikin mutum ɗaya, marigayi Janar Muhammadu Buhari. Wannan sauyi ne babba, kuma kalmomin zamanin sun nuna shi. NEPU na da sanarwa, PRP na da manufa da ake karantawa a lacca. Wannan karon abin da ake da shi laƙabi ne, "Mai Gaskiya", da kalma guda, "sak". Ma'anar "sak" ita ce kada ka duba ɗan takara, kada ka tambayi tarihinsa, dangwala wa jam'iyyar Baba daga sama har ƙasa. Mutane nawa ne suka shiga majalisa da gidajen gwamnati a cikin wannan rigar, waɗanda da a kan ƙafarsu suka tsaya ko mazaɓarsu ba za su kawo ba?

Duk da haka, zalunci ne a ce waɗannan magoya baya ba 'yan dimokuraɗiyya ba ne. Su ne suka fito da "a kasa, a tsare, a raka". Mutumin da ya yini a layi cikin rana, ya ƙi tafiya gida sai an ƙirga, ya bi akwati da ƙafa har wurin tattara sakamako, wa ya fi shi imani da ƙuri'a? Kuma yana da hujjar yin haka. Zaɓen 2007 ya lalace har wanda aka ce ya ci, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa a jawabinsa na rantsuwa cewa akwai kurakurai, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da shi ne da alƙalai huɗu a kan uku. Sai dai imanin nan yana da wata fuska. Idan ka riga ka yarda cewa ku ne jama'a, to faɗuwa zaɓe ba ta da wata fassara sai maguɗi. A watan Afrilu na 2011, bayan sanar da sakamako, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, Musulmi da Kirista, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka tura aikin zaɓe. Matashin da ya raka akwati da wanda ya ɗauki gora, a wurare da yawa unguwarsu ɗaya, kuma jimla ɗaya ce a bakinsu.

A 2015 aka samu abin da ake nema, ƙuri'u miliyan 15.4, Kano kaɗai ta ba da miliyan 1.9. Ba zan yi wa shekaru takwas ɗin nan hisabi a nan ba, kowa ya san farashin kwanon masara a unguwarsu da halin da hanyar ƙauyensu ta shiga. Abin da ya shafi zancena shi ne abin da ya faru da mai ƙuri'a. A 2003 kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista sun fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2015 kimanin kashi 44 ne, a 2019 kimanin 35, a 2023 kuwa bai kai 27 ba. Na san tsabtace rajista da na'urar tantance masu zaɓe sun rage ƙuri'un bogi da ke kumbura alƙaluman da, amma wannan bai isa ya bayyana dukkan faɗuwar ba. Kawuna na cikin wannan lissafi, kuma shi ba na bogi ba ne.

Ga yadda nake ganin abin yake tafiya. Mai son dimokuraɗiyya da ya ga ba ta biya masa buƙata ba, shi ne kasuwar jam'iyyar mu-da-su. Ba ta rage masa son dimokuraɗiyya, ƙara masa take yi, amma tana sauya wa kalmar ma'ana a bakinsa, daga tsarin da ake bi zuwa mutumin kirki da zai zo ya gyara. Idan mutumin ya zo bai gyara ba, mai ƙuri'a ba ya komawa ga tsarin, domin an riga an koya masa cewa tsarin na "su" ne. Wani mutumin kirkin yake nema. Idan babu shi a takardar zaɓe, sai ya leƙa bariki. A watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga yara a titunan Kano suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da soja ya bar mulki a 1999, ba su san Dokar Soja ta 2 ta 1984 da ake tsare mutum da ita ba tare da shari'a ba. Kuma ina da yaƙinin da za a tare su a tambaye su ko suna son mulkin jama'a, da yawansu za su ce ƙwarai kuwa.

Mu malamai da 'yan jarida muna da namu laifin. Mun fassara tsarin mulki da Hausar da ba mai jin ta sai mu, mun bar rabin dimokuraɗiyya na biyu cikin kalmomi masu sanyi irin su "bin doka da oda" da "rarraba iko", alhali harshen na da abin da ya fi su. Tsohuwar ma'anar "siyasa" kanta, kafin ta zama sunan wannan kokawa, ita ce lallashi da sassauci, shi ya sa dattawa ke cewa wane ba shi da siyasa idan ba ya iya zama da mutane. NEPU ta iya bayyana 'yancin shari'a ga manomin da bai taɓa shiga aji ba, domin ta ce masa alƙali ya daina zama yaron sarki, ya kuwa gane nan take. Yau wa ke gaya wa ɗan jar hula ko mai tsintsiya, da Hausar da zai ji a jikinsa, cewa kotun da ta hana gwaninsa yau ita ce za ta hana a rushe masa shago gobe?

Makon jiya na koma Fagge gaishe da Kawu, na karanta masa wani ɓangare na wannan rubutu, wurin "enen" da "minen". Ya yi shiru, sannan ya ce shi a zamaninsu Malam bai taɓa ce musu ku zaɓe ni in gyara ba, cewa yake yi ku san haƙƙinku ko a gaban wa. Na ce to ai sojan da yake wa addu'a ba zai bar shi ya san haƙƙinsa a gabansa ba. Ya ce, "Ka cika gardama, kamar uwarka." Da zan tafi na tambaye shi ina katin zaɓen. Ya laluba aljihun gaba ya fito da shi, yana cikin 'yar leda tare da hoton Malam Aminu da ya koɗe, ya duba, ya mayar.